Gulbin Ɗaki Ya Riga Mu

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, i, baƙin ciki, Sa'a, kin ji daidai, ba sai kin matso kin ɓula zana ba, Inna Lahadi ta unguwar bayan kasuwa a nan Dogon Dutsi tana sanar da dangi da maƙwabta da abokan arziki, na Dutsi da na Tibiri da na Lugu, har da waɗanda sunka saba leƙo mata gida ba sallama, cewa akwatin madubinta na kifi, wanda gari duka ya sani da sunan Gulbin Ɗaki, ya riga mu. Ya cika ranar kasuwa da hantsi, a ɗakinshi, gaban mutane, bayan jinyar da ta ci damina guda da kaka.

Ga wanda bai sani ba, wadda ke bayan zana taubashiyar Inna ce, ɗiyar kawunta. Tun jiya take faɗin ba a makokin akwati, kifin da ya bari kuma a soya su kowa ya huta. Za a zo kanta. Mamaci shi ke da gaba.

An haifi marigayi a ƙasar Faransa, in ji waɗanda sunka sani. Ya hau jirgin ruwa, ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya iso Dutsi naɗe cikin bargo kamar jinjiri, tare da wani Nasara mai haƙar rijiyoyi wanda Inna ta yi wa wanki da guga har furfura ta fara leƙo mata. Ƙafafunshi da haƙarƙarinshi ƙarfe ne, sauran jiki duka madubi, amma irin madubin da ba ya nuna maka fuskarka, sai abin da ke bayanshi. Nasaran nan sai ya yini cikin rami yana neman ruwa, ya dawo gida da marece ya ja kujera ya zauna yana kallon ruwa. Inna ta daɗe tana mishi kallon mai taɓin hankali. Rannan ta tsaya share ƙura a bakin akwatin, wani ɗan kifi mai jar jela ya zo ya tsaya daidai hancinta. Ko da ta farga, dutsen guga ya huce a hannunta.

Shekarar da anka sauke waccan tuta anka ɗaga tamu, Nasara ya ɗaure kaya. Abin da ba ya iya ɗauka ya raba wa mutanen gida. Kuku ya samu tukwane, mai gadi ya samu takalman da sunka fi ƙafarshi, har yau yana cusa musu tsumma. Da anka zo kan Inna saura abu biyu, dutsen guga da akwatin kifi. Ta dubi dutsen guga, ta dubi tafin hannunta, ta ce ita da shi sun gama sanin juna. Ƙarti sunka ɗauko marigayi bisa ƙyaure, kifi na biye cikin tuluna, mutanen kasuwa sunka bar ciniki sunka raka shi har gida. Wasu sun ɗauka rabon mulkin kai ne ya fara isowa, suna tambayar ina ake karɓa.

Halin marigayi kuwa kowa shaida ne. Ba shi da ɓoye-ɓoye. Ta gaba ka duba, ta baya ka duba, cikinshi ɗaya ne, abin da Inna ba ta taɓa gani ga ɗan Adam ba, har dangi. Bai taɓa ɗaukar maganar wani gida ya kai wani gida ba, ko da yake an yi maganganu gabanshi waɗanda in da bango ne da ya tsage tuntuni. Jinjiri in ya ƙi shiru, a kawo shi gabanshi, ya yi tsit da hawaye a kumatu. Mata da miji in sun zo kawo ƙara wurin Inna, sai ta shimfiɗa musu tabarma gaban akwati ta tafi tsakar gida ta kama daka. Kafin ta tankaɗe gari ta iske su suna gardamar wane kifi ne ya fi gudu.

Garinmu kun san shi. Ga dutse, ga yashi, ga tabki mai zuwa da damina ya gudu da rani. Yawancin mutanen Arewa ba su taɓa ganin kifi ba sai a lanƙwashe, baƙi ƙirin, baki cije da jela, a faifan mai banda. Marigayi ne ya nuna musu kifi miƙe yake tafiya. Wata tsohuwa mai bori ta taho tun daga Lugu don an ce mata Lahadi ta tsare doguwa cikin akwati. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta shinshina, ta ce ba kowa ciki sai kifi. Amma ba ta tashi ba sai da rana ta faɗi, kuma ta roƙa a bar ta ta dawo. Mushe na lakkwal, malamin makarantar boko, shi ma ya taɓa jero ɗalibai ya faɗa musu sunan marigayi da Faransanci. Inna ta manta sunan kafin su kai ƙofa, marigayi ma bai amsa shi ba.

Yana da murya, ga waɗanda ba su riske ta ba. A gidan Nasara akwai wani ɗan inji mai hura mishi iska, yini yake yana ɓul-ɓul-ɓul kamar tukunyar talge. Inji ya bi mai shi. Abin da ya rage wani siririn kawucu ne, bututun roba, sai Inna ta zama injin, safe da marece ta sa baki ta hura. Muryar ta koma ɓul, a huta, ɓul, a yi tari. Kifi ba su taɓa kushewa ba.

Ƙasanshi farin yashin ƙorama ne da anka wanke har ruwa ya fita garau, da ƴan jajayen duwatsu daga gindin dutsen nan namu. Ciyawa kuwa aikin Ambroise ne, ɗan ƙanwar Inna, direban kamyo mai zuwa Gaya. Shi ke kawo ta daga bakin gulbi cikin jiƙaƙƙen buhu, wata doguwa kamar igiyar zane, wata mai gashi-gashi, da kainuwa mai yawo bisa ruwa da saiwarta a sake. Inna ta dasa su da yatsa, ta riƙa yi musu aski da farce. A duk gonakin da ta noma a duniya, wagga kaɗai ce ba ta taɓa sa ta ɗaga kai tana duban hadari ba. Abincin mutanen ciki gara ce daga suri, da ɗiyan sauro masu wutsil-wutsil a tsohuwar randa. Tuwo ba su cin shi. An gwada sau ɗaya bisa shawarar wata ta bayan zana, ruwa ya koma kunu, ranar an sha ɗiban ruwa.

Inna ba ta ce ba shi da aibi ba. Mashayi ne, da rani ya sha gaban jaki. Ga tsirfa: ruwan rijiya in ba ya kwana a tulu ya huce ba, ba ya karɓa. Sabulu ko warinshi ba ya so. In anka bar shi ya ga rana da yawa sai fuska ta yi kore shar, sai an bi shi da sakaina ana kankarewa a hankali. Amma duk wanda ya yi renon tsoho ya san wanga ba komai ba ne.

Cikin masoyan marigayi dole a ambaci Ɗan'azumi, mijin Sa'a. Tun shekarar da fara ta cinye gonaki bayanshi ya riƙe, bai sake taɓa hauya ba, ko takalminshi sai an miƙo mishi. Kullum in ya sha furar da Sa'a ta dama, sai ya dogaro sanda ya zagayo, ya miƙe bisa tabarma gaban akwati. Kifi ya buɗe baki, Ɗan'azumi ya buɗe baki. Kifi ya rufe, ya rufe. Akwai wani ƙurungu da Ambroise ya kawo daga Gaya, irin mai iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa. Tsakaninshi da Ɗan'azumi akwai fahimta mai zurfi. Sai su yini suna duban juna, kowa kwance bisa bayanshi, ba mai tambayar wani me ya aikata yau. Da la'asar Sa'a ta ƙwala kira tuwo ya sauka, ɗayan ya tashi ya tafi ci, ɗayan Inna ta watsa mishi gara.

Ciwon ajali ya fara da faɗuwar ruwa. Danƙon da ya riƙe madubi da ƙarfe ya tsufa ya bushe, marigayi ya fara zuba ta kusurwa. Inna ta tara mishi tasa. Muryarshi ta ƙarshe ke nan mai tsawo, ɗis, ɗis, ɗis, ba fashi. An liƙa ƙaro, ruwa ya narkar da shi. An liƙa kakin zuma, ya riƙe kaɗan ya saki. Wani bawan Allah ya kawo laya anka ɗaura mishi a ƙafa, ɗis ɗin ya koma ɗayar ƙafar. Ana nan cikin kaka sai ga tsaga ta taso daga kusurwar sama, siririya kamar gashi, tana gangarowa a hankali. Wasu sun ce sandar wani mai gyangyaɗi ce ta zame ta same shi. Sanarwar nan ba ta kama sunan kowa.

Ambroise ya duba ya ce a rage ruwa ya koma ƙasan tsagar, kada kowa ya taɓa, a Yamai akwai masu yankan madubi, in ya samu lodi zai je ya ji. Inna ta rage ruwa. Ciyawa ta sunkuya, kifi sunka matsu kamar fasinjan kamyo ranar kasuwa, amma ana lallaɓawa.

Ranar da abin zai faru, Inna ta ɗauki sakaina ta tafi suri ɗiban gara. Tana bada baya, Sa'a ta aika kasuwa anka kira Mani. Da kyakkyawar niyya, in ji ta. Mani gyartai ne da babu kamarshi daga nan har Tibiri. Ƙwaryar auren Inna ta taɓa rabewa gida uku, shi ya ɗinke ta, har gobe ana dama fura ciki ba ta ɗiga. Hujjar Sa'a ita ce, duk abin da ke riƙe ruwa in ya tsage ƙwarya ne, ƙwarya kuwa ba a kai ta Yamai. Matan unguwa da sunka taru ba wadda ta ga kuskure cikin wanga lissafi.

Mani ya zo ya sauke jakarshi. Ya zagaya marigayi, ya ƙwanƙwasa shi da farce, marigayi ya amsa ƙin, ƙin. Ya ce bai taɓa ganin farar ƙwarya mai kusurwa huɗu ba, amma tsaga ai tsaga ce. Ya yi yadda ubanshi ya koya mishi. Ya roƙi garwashi, ya sa zaren kaba a baki ya yi laushi, ya auna inda zai huda, ɗaya dama da tsaga ɗaya hagu, daga sama har ƙasa. Ya gasa basilla ya ɗora. Ba ta shiga ba. Ya ce wagga ƙwarya ta ƙosa a gona. Ya maida basilla wuta har ta yi ja wur, ya tokara gwiwa, ya ɗora ta can ƙasan tsagar, bisa madubin da ruwan sanyi ke bayanshi, ya danna da ƙarfin mutum mai kishin sana'a.

Daidai nan Inna ta ɗaga asabari da gararta a hannu.

Marigayi ya ce ƙis. Sannan ya ce tas. Sannan ya ce shaaa, bai sake cewa komai ba.

Ranar ce anka yi ambaliya a Dutsi ba hadari. Ruwa ya bi ƙafafun mutane, ya kashe garwashin, ya fita ƙofa da tabarma. Mani na tsugune, jiƙe sharkaf, kainuwa bisa hula, zaren kaba na reto a bakinshi. Ya dubi basilla, ya dubi Inna, ya ce, "Inna, wagga ƙwarya ba ta son ɗinki." Inna ba ta riƙe shi da komai ba. Mutum ya yi aikin da ya iya. Ta dai ce ya cire kainuwar a hankali ya miƙo.

Kifi sunka watsu a daɓe suna tsalle. Mata sunka bi su da ludayi da mara da tafin hannu ana zubawa a randa. Kazar Sa'a, wadda ita ma ta shigo jaje, ta samu uku cikin ƙananan kafin a kore ta. Ƙurungu kuwa ruwa ya tura shi can ƙarƙashin gado. Jama'a sun shaida, ba mutum ɗaya ba ba biyu ba, cewa Ɗan'azumi ya yar da sanda, ya duƙa, ya rarrafa, ya shige ƙarƙashin gado kamar ɗan akuya, ya fito da abokinshi a hannu. Ƙayar ƙurungu ta soke shi a yatsa bai saki ba sai cikin randa. Bayan nashi da ya riƙe tun shekarar fara ya saki sarai. Da ya ɗaga kai ya ga idanun mutane, sai ya sake riƙewa nan take, anka miƙo mishi sanda.

Marigayi ya bar baya da yawa. Ya bar ƙurungu, wanda ke kwance yadda ya saba, ba a gane ko makoki yake. Ya bar gargaza biyu, miji da mata, masu tonon yashi. Ya bar ƴan mitsi-mitsin nan masu jela kala-kala, jikokin waɗanda sunka zo da Nasara, waɗanda ba su yin ƙwai, haihuwa suke kamar mutane, kuma ba a san yawansu ba don ba su tsayawa a ƙirga. Ya bar ciyawar Gaya da kainuwa. Ya bar dodon koɗi guda, wanda har yanzu labari bai kai mishi ba. Ya bar Ɗan'azumi, da yatsa naɗe da tsumma. Ya bar Inna Lahadi da kawucu a hannu.

Marayun duka suna cikin babbar randa a bayan ƙyaure. Suna ci, suna sha, ana hura musu iska safe da marece. Sai dai randa ba ta da fuska. Inna takan ɗaga faifai ta leƙa, ta ga duhu da ɗan motsi, da wata tsohuwa tana leƙo ta daga ƙasa. Haka za a yi haƙuri har Ambroise ya dawo. Ya ɗauki ƙashin marigayi, wato ƙarfen, ya ɗaure bisa kamyo zuwa Yamai a gwada mishi sabon madubi. In ta yiwu, to. Ko ba shi ne zai dawo ba, magaji ne, kuma ya kamata magaji ya iske mutanen gida da rai.

Ga yadda anka shirya jana'iza. Gobe da safe, in rana ta ɗan ɗaga, za a kai gutsattsarin madubi bayan gida gindin aduwa. An tattara su cikin tsohon zane. Rami zai yi zurfi, saboda ƙafar yara da ta awaki. Mani ya roƙa shi zai haƙa, an yarda mishi, da sharaɗin ya bar basilla gida. Liman ya aiko a faɗa wa Inna ba a yi wa akwati salla, Inna ta aika mishi ta sani, ba ta kuma roƙa ba, amma in ya zo a matsayin wanda ya sha zama gaban marigayi bayan la'asar akwai tabarma. Mutanen mishan ma haka.

Za a zauna karɓar gaisuwa a ɗakin da ya cika. Kada kowa ya kawo gero, kada a kawo goro. Mai son ya yi wa marigayi alheri ya kawo tulun ruwa, wanda ya kwana ya huce, cikin tulun da sabulu bai taɓa gani ba. Mai suri kusa da gonarshi ya taho da gara. Ana iya ganin marayu, mutum ɗai-ɗai, a ɗaga faifai a hankali. Ba a ƙwanƙwasa randa. Ba a sa hannu. Wanda ƙishirwa ta kama ya sha a ƙaramar randa ta tsakar gida, kuma ya duba moɗa kafin ya kai baki. Kaji ba a gayyace su ba. Ɗan'azumi an shimfiɗa mishi tabarmarshi kusa da randa, ko ba ya ganin komai ya ce yana jin motsin mutuminshi.

Saura maganar sadaka, wadda ita ce ta hana wata barci a bayan zana. Sa'a ta ce ba a yin taron mutuwa babu abin taɓawa, ga nama Allah ya kawo har cikin randa, ita za ta bada mai da kasko. Inna ta ce ba ta taɓa jin inda anka soya marayu ranar jana'izar ubansu ba, masa za a toya. Sa'a ta ce ita taubashiya ce, tana da rabo cikin abin da mamaci ya bari, al'ada ce ba ita ta ƙago ta ba. Inna ta ce gaskiya ne, kuma kazarta ta riga ta karɓar mata. Sa'a ba ta daddara ba. Yanzun nan, kuna dai ji, ta sake jefo tambayar da take jefowa tun ranar da anka shigo da marigayi bisa ƙyaure: wai ina amfanin abin da za ka yi ta ciyarwa, ka yi ta ɗebo wa ruwa, ba ya noma, ba ya saƙa, yana kwance yana buɗe baki yana rufewa, sannan a ce ba za a ci shi ba.

To, Sa'a, matso kusa da zanar, tunda kin riga kin ɓula ta.

Tun shekarar fara kike dama wa Ɗan'azumi fura, kina ɗebo mishi ruwa, yana kwance a rigingine yana buɗe baki yana rufewa. Ranar da kika soya naki, aiko mini da kaskon.